Rabon Yaya Casimir

Litinin, 4 ga Oktoba 1915, da hantsi

Ruwa ya ɗauke, amma taɓo yana nan daram. Ƙasar nan ta Champagne da muka haƙa ramukan yaƙi a cikinta alli ce zalla, in ta bushe a jikin mutum sai ka rantse daga gidan niƙa ya fito. Abokina Tichit ya ce ko Jamusawa sun kama mu ba za su harbe mu ba, sai dai su tambaye mu nawa muke sayar da buhun gari.

An ce mun ci gaba a harin makon jiya. Na tambayi Kofur Boudon ina muka kai, ya nuna mini kututturen bishiyar nan da muke kallo tun bazara, ya ce da yana hagunmu, yanzu yana damanmu. To madalla. Mu goma sha biyar ne a ƙungiyarmu lokacin da yake hagu. Yanzu mu sha ɗaya ne.

Burodi ya iso a makare, dunƙule huɗu. Raba huɗu gida sha ɗaya ba wasa ba ne, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi ya sa muke yi yadda aka saba. Kofur ya yanka ya jera a kan bargo, mutum ɗaya ya juya baya yana kallon bangon rami, Kofur ya ɗora wuƙa a kan yanki ya tambaya, wancan ya kira suna. Wanda ya samu ƙarami sai ya yi kuka da sa'arsa. Yayana Casimir ne mai juya baya tun ranar da muka zo, don shi ne babba, kuma ba a taɓa kama shi yana satar kallo ba.

"Wannan na wa?"

"Na Firmin. A sallami Auta kafin ya fara kuka."

"Wannan fa?"

"Na Tichit. In ƙarami ne, Allah ya karɓi addu'ata."

Shekarata ashirin da tara, ina da gemu da kwarkwata a cikinsa, amma har yau Auta nake a bakinsa. Ya sa duk ramin nan sun ɗauka.

Talata, 5 ga wata, da yamma

Sun kawo tsanin fita daga rami, sun kuma ƙara mana barasar nan mai ƙona maƙogwaro. Wanda ya ga tsani da barasa rana ɗaya ba ya bukatar boka ya gaya masa abin da gobe ta ƙunsa.

Ina can ƙarshen rami ina gadi sai na ji Yaya yana buga kwanonsa da cokali, biyu a hankali, uku da sauri. Kiɗan gidanmu ne. A tudun Aubrac in hazo ya rufe makiyaya, wanda ke bukka yakan buga bokitin madara don na waje su gane hanya, kuma kowane gida da nasa bugun. Baba ya koya wa Yaya, Yaya ya koya mini da rankwashi. A nan da shi yake kirana cin abinci.

Na same shi yana aski, kamar mai zuwa coci. Ya ce, "Sha uku ga wata za a sauko da shanu daga tudu. Wa zai kama wa Noémie jar saniyar nan? Ba ta yarda da kowa sai ni."

Na ce, "Matarka ta iya da kai shekara goma sha biyu, saniya ce za ta gagare ta?"

Ya yi dariya har ya yanke haɓa. Ya leƙa littafin nan ya ce me na rubuta a kansa. Na ce na rubuta yana minshari. Ya ce in ƙara da cewa gobe in tsaya bayansa, ba gefensa ba.

Laraba, 6 ga wata, da rana tsaka

Mun fita. Mun dawo ramin da muka fita daga cikinsa. Kututture yana nan a dama.

Laraba, da almuru

Burodin mutum sha ɗaya aka kawo. Mu shida ne. Ba wanda ya zaro wuƙa.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

Kofur ya yanka gida shida, ya ɗaga kai yana neman mai juya baya. Kowa ya samu abin kallo a takalminsa. Na tashi na fuskanci bango.

Na kira Tichit, na kira Pagès. A yanki na uku bakina ya kira sunan da ya ga dama. Sai na ji wuƙa tana aiki a kan bargo, Kofur yana sake yanka, har ya fitar da bakwai. Ya ce, "Wannan na wa?" kamar ba a yi komai ba. Na ajiye na bakwai a ramin bango inda askar Yaya take.

Jiya na tsaya bayansa, yadda ya ce. Hayaƙi ne ya raba mu. Wannan kaɗai zan rubuta.

Alhamis, da almuru

Filin da ke tsakaninmu da su yana magana tun jiya. Wani yana kiran ruwa, wani yana kiran uwarsa, wani ba ka gane ko da yarenmu ne ko da nasu. Yau muryoyin sun ragu. Malaval, wanda ya fi kowa gajen haƙuri a cikinmu, ya cusa tsumma a kunne.

Rana tana faɗuwa igwa ta yi shiru, sai na ji. Biyu a hankali, uku da sauri. Daga nesa, wajen kututture.

Na damƙi hannun Tichit. Ya saurara ya ce, "Auta, gwangwanayen da aka rataye a waya ne, iska ke kaɗa su."

Na ce, "Iskar Champagne a ina ta san babanmu?"

Aka sake bugawa. Tichit ya cire hularsa, ya rasa abin yi da ita, ya mayar. Na ɗauki kwanona na mayar da amsa har Kofur ya ƙwace cokalin, ya ce zan jawo mana ruwan wuta.

Yana raye. Na rubuta sau uku a bayan littafin nan.

Juma'a, 8 ga wata, da hantsi

Na gano wurin da madubin leƙe. Wani babban gurbin bam ne, gab da wayarsu mai ƙaya, a gindin kututture. Ba a ganin cikinsa. Bindigarsu mai jigida tana share bakinsa daga can, tamu tana share shi daga nan. Mu ba mu isa ba, su ba su isa ba. Haka dukan yaƙin nan yake, sai yau na gan shi a wuri ɗaya.

'Yan badujala biyu, waɗanda ake sa su ɗaukar masu rauni, sun fita kafin gari ya waye. Ba su wuce wayarmu ba. Suna nan a kanta. Kyaftin ya ba da oda kada kowa ya sake fita.

Na je wurin Laftana. Na ce, "Ranka ya daɗe, yayana ne. Ni kaɗai zan je, ba na neman kowa ya raka ni."

Bai ɗago daga abin da yake yi ba. Ya ce, "Soja, ka san mutum nawa ke kwance a can? Kowannensu yana da ƙane."

Na ce, "Amma nawa yana bugawa."

Sai ya ɗago. Idonsa jawur, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Ya ce in na fita zai sa a harbe ni ta baya in Jamusawa suka kuskure ta gaba, kuma ba zai so hakan ba. Na tsane shi, kuma na san gaskiyarsa.

An buga da asuba, an buga da almuru. Rabonsa ya zama yanka biyu a ramin bango. Ɓeraye sun fara zagaye.

Asabar, 9 ga wata, da yamma

Tichit ba shi da hankali, Allah ya saka masa da alheri.

Shi ke kula da Fara, ƙaton bakan ƙarfen nan mai ƙafafu da muke cilla gurneti da shi. Da safe ya zauna yana kallon burodin da ke ramin bango, yana kallon Fara. Ya ce, "Auta, ba ni safarka."

"Me za ka yi da ita?"

"Miya zan dafa. Cire mana."

Ya cusa burodin a safa, ya ƙara dutse har nauyin ya yi daidai da gurneti, ya ɗaure bakin. Ya ce Fara ba ta san bambanci ba, jaka ce, abin da ka ɗora mata shi za ta kai. Kofur ya ce shi fa zai zaga bayan gida, kuma cikinsa ya ɓaci, zai daɗe.

Na farko ya wuce, ya faɗa cikin wayarsu. Tichit ya ce yau Bajamushe zai san ƙamshin ƙafar mutumin Aubrac. Na biyu ya gaza. Na uku, da gorar ruwa ɗaure a jikinsa, ina kallo a madubi ya bi ta bakin gurbin ya ɓace.

Mutanen ƙetare ba su san burodi ba ne. Sun ji ƙarar Fara, suka aiko mana da manyan bama-bamansu da muke kira tukwane, har shida. Bango ya rufta a wuri biyu, ba wanda ya ji ciwo.

Da almuru an buga. Biyun farko sun zo, sai aka daɗe. Na ƙirga numfashina. Sannan ukun suka biyo, a hankali su ma, kamar mai tafiya da sanda. Ya gaji ne. Zai ci, zai samu ƙarfi.

Lahadi, 10 ga wata, da asuba

Ba a buga ba.

Lahadi, da rana tsaka

Mun cilla. Ya shiga. Ba a buga ba. Wataƙila barci yake, dama shi mai nauyin barci ne.

Lahadi, da almuru

An buga! Da ƙarfi, tangararan, har sau biyar a jere, har Malaval ya ji ta cikin tsummansa. Don zumuɗi ma ya ɗan gaggauta biyun farko, abin da Baba zai ja masa kunne a kai. Burodi ya shiga jiki.

Na raba giyata ta yau da ta gobe ga mutum biyar. Na yi rawar gida a cikin taɓo har gwiwa, Pagès yana busa mini da baki, Tichit ya ɗaura bargo ya zama amarya. Kofur ya ce ya ga mahaukata a soja amma bai taɓa ganin saniya tana rawa ba. Tun da aka ɗauke mu daga gida ban yi farin ciki irin na yau ba.

Talata, 12 ga wata, da safe

Safa ta zama zinariya. Nawa sun ƙare, Pagès ya ba da ɗaya, Kofur ya ba da wadda matarsa ta saƙa, ya ce dama tana masa ƙaiƙayi. Kullum ana yanka bakwai. Kullum ina kiran sunan, ba wanda yake tari.

Ana raɗe-raɗin za a canje mu, wata bataliya ta karɓi ramin. Kowa yana roƙon Allah ya sa gobe ne. Ni kaɗai nake roƙon akasin haka, a ɓoye, kamar ɓarawo. Waɗanda za su zo ba su san kiɗan gidanmu ba, kuma ba su da dalilin ba da safarsu.

Na sake zuwa wurin Laftana. Ya ce in hazo ya sauko irin wanda mutum ba ya ganin tafin hannunsa, shi ba zai ga wanda ya fita ba. Sama tangaram take, ko gajimare babu.

Laraba, 13 ga wata, da yamma

Yau ake sauko da shanu.

Ƙunshi ya zo daga Noémie da sunansa a kai: cuku, tsiran alade, da safa biyu sababbi. Na cusa cukun a safar da ta saƙa masa, Fara ta kai. Aƙalla wannan ya isa hannun mai shi. Ban rubuta gida ba tukuna. In ya dawo ya rubuta da kansa, ya fi ni iya ƙarya mai daɗi.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Mun cilla da safe. Suka amsa da tukwane kamar kullum. Pagès yana lungun da yakan zauna yana ɗinke maɓallin rigarsa.

Mun tono shi. Ƙafarsa ɗaya babu safa.

Malaval ya jefar da shebur ya zo har gabana. Ya ce, "Burodin yayanka ya yi tsada, Firmin. Mutum guda muka biya yau. Gobe wa za mu bayar? Ni?"

Na ce masa da ɗan'uwansa ne a can da ba haka zai ce ba.

Ya ce, "Nawa yana can tun watan biyar. Ban ciyar da shi da naman kowa ba."

Pagès yana da 'ya mace da bai taɓa gani ba, shi ne kuma ya busa mini ranar Lahadi. Laftana ya hana a sake taɓa Fara sai da odarsa.

Juma'a, 15 ga wata, da almuru

Ba mu cilla ba. An yi ta bugawa tun la'asar, ba hutawa. Na roƙi Malaval ragowar tsummansa, ya ba ni. Ana ji ta cikinsa.

Asabar, 16 ga wata, da yamma

Oda ta zo a cilla musu gurneti uku kafin faɗuwar rana, don kada su ɗauka mun mutu. Tichit ya cilla uku can dama, nesa da kututture. Sannan ya miƙo mini hannu.

Na ce an hana.

Ya ce, "An ce uku. Ni ban yi makaranta ba, daga biyu lissafi yake ruɗe mini. Kawo."

Tukwanen da za su zo dama za su zo, ko da burodi ko babu. Da haka nake lallashin kaina. Malaval ya ga komai, ya juya ya tofa yawu, bai kai ƙara ba.

Litinin, 18 ga wata, da safe

Ta tabbata. Jibi da yamma za a canje mu. Mutane suna ta wanke fuska kamar masu zuwa biki.

Na duba sama har wuyana ya ƙage. A gida hazo shi ne abokin gabarmu, ya ci mana maruƙa, ya kusa cin Baba. Ban taɓa zaton zan durƙusa ina roƙon Uwa Maryamu ta aiko da shi ba.

Talata, 19 ga wata, da almuru

An buga. Na amsa. Iska ta kwanta, sanyi yana tasowa daga ƙasa.

Laraba, 20 ga wata, da hantsi

Hazo ya sauko. Mun je, ni da Tichit. Mun dawo da mutum.

Ba zan iya yau ba.

Alhamis, 21 ga wata, da rana, a wani rumbu bayan fagen daga

Sauran suna barci a kan ciyawa tun jiya. Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Mun fita da tamfol ɗaya, muna jan ciki. Ba ka ganin komai sai farin hazo da abin da hannunka ya taɓa, kuma ba zan rubuta abin da hannuna ya taɓa ba. Mun ɓata hanya. Sai aka buga, kusa, a hagunmu, muka bi sautin yadda ake yi a gida. Na gangara cikin gurbin ina cewa, "Yaya, ni ne. Auta ne."

Wanda ke riƙe da kwanon rigarsa ruwan toka ce. Bajamushe ne, mai furfura a gemu, ya rame har idanunsa sun faɗa. Ya gan mu, bai ɗaga hannu ba, ya ci gaba da bugawa a hankali yana kallona.

Yaya yana gefensa. An miƙe masa ƙafafu, an haɗa hannuwansa a ƙirji, an rufe fuskarsa da hularsa. Safofinmu duka an naɗe su an yi masa matashi. Ba jiya ba ne, ba kuma shekaranjiya ba.

Ban san lokacin da na zaro wuƙa ba. Tichit ya riƙe ni. Mutumin ya yi ta magana da yarensu, da ya ga ba mu ji sai ya koma nuni. Ya nuna Yaya, ya ɗaga yatsu huɗu, ya kwantar da kuncinsa a tafin hannu. Sannan ya riƙe cokalin, ya ɗora ɗayan hannunsa a kan wanda ke riƙe da shi, yadda ake kama hannun yaro, ya buga. Biyu, uku. Ya nuna Yaya. Ya sake yi, ya sake nuna Yaya. Ya nuna wajen raminmu, ya ce, "Firmin."

Na kama ƙafafun Yaya na fara ja. Na ce wa Tichit ya shimfiɗa tamfol.

Tichit ya ce, "Hazo yana tashi. Ɗaya za mu iya ɗauka."

Na ce, "Ga shi nan."

Ya ce, "Auta, wannan ba ya sauri. Wancan yana numfashi."

Na ce, "Ya buga wa nasa su zo. Ya ci cukun Noémie. Ya ci Pagès."

Tichit bai yi musu ba. Ya ɗaga bargon da ke kan ƙafar mutumin ya ce in duba. Ƙafar a karye take, an ɗaure ta da kuben wuƙar bindiga da maɗaurin wando. Na ga ƙullin. Shi ne wanda muke yi wa maraƙi in ya karye, mai kunne biyu, wanda ba ya sakewa kuma ba ya tsinke jini. Mutum uku na sani a duniya masu yin sa, Baba yana kabari, ni kuma ina ramin can.

Na saki ƙafafun. Tichit ya yanke alamar sunan Yaya daga wuyan hannunsa. Na gyara masa hular. Muka ja Bajamushen, ya ciji hannun rigarsa bai yi ƙara ba har muka isa. Malaval ne ya miƙo hannu ya karɓe shi a bakin rami, ya ga rigar, ya dube ni, ya ja shi ciki.

Ka cuce ni, Yaya. Ka san ni sarai. Ka san muddin ana bugawa ba zan daina ba, ko da duk ramin zai ƙare, sai ka kama hannun wani ka koya masa. Ko rankwashi ba ka yi masa ba na tabbata. Ina fushi da kai, kuma ba ni da wurin kai fushin.

Yatsu huɗu. Na lissafa a hanya, ƙafata tana tafiya kaina yana lissafi. Laraba muka fita. Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Da asuba ba a buga ba, da rana ba a buga ba. Da almuru aka buga da ƙarfi, aka gaggauta biyun farko, ni da na san bugunsa tun ina goye na ce zumuɗi ne.

Ranar ce na raba giya na yi rawa.

Alhamis, da yamma

An wuce da mutumin asibiti. Kafin a ɗaga shi ya miƙo mini kwanon. Ya lotse duk gefe ɗaya. Ban tambayi sunansa ba.

Wanda ya karɓi wurina a ramin ya tambaye ni ko akwai abin da ya kamata ya sani. Na nuna masa kututture, na ce ya yi ƙoƙari kada tukwane su faɗa gindinsa. Ya ɗauka wasa nake.

Gobe zan rubuta wa Noémie. Ko jibi.

Juma'a, 22 ga wata, da safe

An kawo mana sababbin mutane goma, fuskokinsu tas. An ce mako mai zuwa za mu koma, wurin dai, ko kusa da shi.

Burodi ya zo. Kofur ya shimfiɗa bargo ya yi wa sababbin bayanin yadda muke yi. Ya dube ni, na tashi na fuskanci bangon rumbu. Sunayen sababbin ban riƙe su ba, sai da Tichit ya riƙa raɗa mini. Na kira Malaval, na kira Tichit, na kira Kofur, na kira kaina. Na bar ɗaya a bakina, ina jira.

Na ji mutane sun fara taunawa. Ina nan tsaye ina kallon katako, ina jiran wuƙa ta sauka a kan bargo, a sake tambaya.

Kofur ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Juyo, Firmin. Ya ƙare."